Daminar da Kawu Hamma Ya Shiga Layi

Litinin, 19 ga Mayu, bayan La'asar

Yau na fara aiki a kamfanin ƙanina Sharfaddeen. Na ce bari in riƙa rubutawa a nan, don ba ni da wanda zan faɗa wa magana ba ta zagaya ta dawo gidanmu ba. Gaya ce, ka yi atishawa a tasha, a yi maka sannu a kasuwa.

Kamfanin ma ai suna ne ya yi masa girma. Shaguna biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu, da fanka ɗaya mai kuka. Aikin shi ne manomi ya danna lamba a wayarsa, ko da ƙaramar waya ce, ya nemi tarakta, manhajar ta sa shi a layi ta gaya masa ranar da za a zo masa huɗa. Taraktocin ba namu ba ne, masu su muke haɗawa da manoma. Bara a Gaya kaɗai aka yi, bana an ƙara Ajingi da ƙauyukanta.

Ni kuma an ce sunan aikina furodak manaja. Inna ta tambaye ni ma'anarsa tana tankaɗe. Na ce ni ce mai zaɓar abin da za a gina a manhajar da abin da za a bari. Ta ɗago ta ce, "To shi Sharfaddeen me yake yi?" Na yi dariya na wuce ɗaki.

Abokansa sun ce ya yi gaggawa, wai kamfanin da bai fi cikin cokali ba me zai yi da irin wannan muƙami. Amma ni na san yadda ya zo Kano ya zauna a falona ya kasa cin abinci. Cewa ya yi, "Yaya Zuliha, kowa yana gaya wa Da'u abin da zai gina, ni kuma bakina ba ya iya cewa a'a. Ki zo ki riƙa faɗa mini ita." Na bar yara wajen babansu na taho. Damina ɗaya na yi alkawari.

Laraba, 21 ga Mayu, da azahar

Da'u shi ne mai rubuta manhajar, shi kaɗai. Yaro ne mai natsuwa, idonsa ya yi ja kamar wanda ya kwana a bakin murhu. Na ce ya nuna mini abin da yake kai, ya yi wata dariya mara daɗi ya juyo mini kwamfutar.

Akwai shafin da za a sa hoton wani kansila, don ya taɓa ba mu aron kujeru. Akwai wurin sayar da taki, saboda wani mai tarakta ƙaninsa yana sayar da taki. Akwai lokutan salla. Akwai farashin awaki. Akwai wurin sanarwar ɗaurin aure, wallahi da idona na gani. Kowanne an fara, babu wanda aka gama. Saƙon da zai gaya wa manomi ranarsa kuwa, wanda dominsa aka kafa kamfanin, wani lokaci ya tafi, wani lokaci ya maƙale.

Na ce wa ya sa ka duk wannan? Ya ce, "Oga. Duk wanda ya girme shi in ya zo da shawara, sai ya ce to. Da yamma sai ta zama aikina."

Na san wannan "to" ɗin. Tun yana yaro haka Sharfaddeen yake. A aike shi gida uku a lokaci ɗaya ya ce to, ya je ya zauna a ƙarƙashin darbejiya yana kuka.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan an sauko daga masallaci

Kawu Hamma ya kira, kamar kowace Juma'a. Ko ina Kano ba ya fashi. Yayan Inna ne, a Toranke yake. Bayan rasuwar Babanmu a gidansa na yi firamare, shi yake goya ni a keke ya kai ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

"Uwata, kin ci abinci?" Da wannan yake farawa, ko da shekarata hamsin haka zai fara. Ya ce ya ji daɗi na dawo kusa. Ya ce bana shi ma ya huta da bin bayan shanu, tunda Allah ya ɗaukaka 'ya'yansa. Na yi dariya na ce Allah ya ƙara lafiya. Hankalina yana kan wani saƙon Da'u, ban tsaya na tambaye shi me yake nufi ba.

Litinin, 26 ga Mayu, bayan Magariba

Na yini a Ajingi. Na ce ba zan yanke komai ba sai na ji daga bakin masu danna lambar. Halima Sadiya, mai amsa wayar ofis, ita ta raka ni. Muka zauna da manoma a inuwa bayan masallaci, suna ta yi mana kara, komai na tambaya sai su ce madalla, abu ya yi kyau.

Sai da za mu tashi wani dattijo siriri, Malam Ɗantani, ya ce, "Hajiya, in faɗi gaskiya ko in yi shiru?" Na ce gaskiyar na zo nema. Ya ce surukinsa na Gaya ya shiga layinmu bara tun kafin ruwa, aka yi ta ɗaga masa rana har gero ya tsiro a gonakin mutane. Ya ce, "Mun san layinku. Layin mai uwa a gindin murhu ne. Mu da muka danna, gwaji muka yi."

A mota na tambayi Halima Sadiya yadda ake ɗaga wa mutum rana. Ta yi ta kallon taga. Daga baya ta ce akwai wani maɓalli a wayar Oga, in ya danna, sunan da yake so sai ya hau sama. Da'u ne ya gina masa. A ofis alfarma suke ce masa.

Ƙafafuna ciwo suke. Ban ci komai ba sai gyaɗa.

Talata, 27 ga Mayu, da yamma

Na tara su. Na goge allon bango tas, na rubuta abu ɗaya: manomi ya danna, ya san ranarsa, tarakta ta zo a ranar. Na ce bana wannan kaɗai za mu yi. Hoton kansila da awaki da ɗaurin aure su jira. Duk mai shawara ya zo wajena, kada wanda ya ƙara tsayawa a kan Da'u. Maɓallin alfarma kuma a cire shi yau.

Sharfaddeen ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, garin nan fa ba Kano ba ne. Akwai mutanen da ba a ce musu su bi layi."

Na ce in ana dara fid da uwa ake. In sunan mutum ɗaya ya hau, na wani ne ya sauka, kuma shi wanda ya sauka ba wanda ya nemi izininsa.

Ya ce to. Da na lura da irin "to" ɗin da na yi masa tambaya ta biyu. Da'u ya cire maɓallin kafin azahar, har da waƙa yake yi ƙasa-ƙasa.

Alhamis, 29 ga Mayu, da yamma

Yanzu duk wanda ya zo neman alfarma, Sharfaddeen sai ya ce, "Wallahi ni da na yi, Yaya Zuliha ce ta hana." Ya nuna musu teburina.

Lahadi, 1 ga Yuni, da safe

An yi ruwa jiya, ruwan farko mai sunan ruwa. Garin yana ta ƙanshin ƙasa, ni kuma kaina yana sarawa.

Satin nan na ce a'a ga limamin wata unguwa, da wani tsohon hedimasta da ya koyar da Babanmu, da ƙanin mijin ƙawar Inna. Ba a'a tsirara ba, ai ni ma an yi mini tarbiyya. Sai na durƙusa na gaida mutum, na tambayi iyali, na kawo ruwa, sannan in lulluɓe a'ar da haƙuri in miƙa masa. Duk da haka ɗacinta ba ya ɓoyuwa. Wani ya ce da Halima Sadiya a bakin ƙofa, yadda zan ji, "Wannan 'yar Malam Usaini ce kuwa? Ubanta mutumin kirki ne."

Saƙonni dai sun fara tafiya daidai. Na gaji.

Asabar, 7 ga Yuni, bayan La'asar, washegarin Babbar Salla

Mun je Toranke gaida Kawu, ni da Inna da Sharfaddeen.

Turken shanu babu komai. Wannan na fara gani tun daga ƙofar gida. Bijiman huɗarsa biyu, waɗanda yake kira da suna kamar 'ya'ya, ya sayar da su kafin Salla. Garmar shanun tana jingine da rumbu.

Ba zan rubuta abin da aka yi a zauren ba. Naman da aka ba mu yana nan a leda, Inna ba ta buɗe ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, bayan Asuba

Barci ya ƙi, gara in rubuta.

Ashe tun cikin azumi Kawu ya ce wa Sharfaddeen, "Bana taraktarka za ta yi mini huɗa." Shi kuma ya ce, "To, Kawu." Shi ke nan. A wajen Kawu an gama magana, ɗa ya amsa wa uba. Ya sayar da shanu, ya zauna yana jiran ruwa. Bai danna lamba ba. Don me zai danna? Yau wa ya taɓa yin sallama a ƙofar ɗakinsa?

Muna zaune ya ce, "Sharfaddeen, ƙasa ta jiƙu. Jibi nake so a shigo gonar gero, sannan ta gyaɗa." Ƙanina ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Sannan ya ce, a gaban Inna, a gaban maƙwabtan da suka zo barka da Salla, "Kawu, yanzu abin yana hannun Yaya."

Kawu ya juyo yana murmushi. "To ai ya zo gida. Uwata, jibi ko?"

Na ce, "Kawu, ba ka cikin layi."

Da na iya faɗa masa a keɓe. Da na iya cewa to, in dawo gida in san yadda zan yi. Amma fuskar Malam Ɗantani ce ta tsaya mini, da duk mutanen da na durƙusa na hana a kwanakin nan. In na ce to a nan, me zan ce musu? Na karɓi wayarsa na danna masa lambar da hannuna. Saƙo ya shigo nan take, ranarsa farkon watan Yuli. Na karanta masa.

Ya ce, "Yuli." Ya ƙara cewa, "Yuli." Sannan ya dubi Inna ya ce, "Ashe a layi nake." Ya miƙe ya shiga gida, bai fito ba har muka tafi.

Talata, 10 ga Yuni, da azahar

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Tana ajiye mini abinci a rufe a bakin ƙofa, ta koma ɗaki. Ɗazu ina ɗaura ɗankwali ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar da kika yi ƙyanda, a kafaɗa ya ɗauke ki har Ajingi. Ban ji ya tambaya ko akwai layi ba."

Na ce, "Inna, mutanen da ke gabansa su ma suna da 'ya'ya."

Ta ce, "Suna da su. Shi ne ba shi da su."

Na tafi ofis. Wani mai tarakta yana jirana, yana so a sa sunan shagonsa a cikin saƙon manoma. Na ce a'a. Wannan karon ko ruwa ban kawo masa ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Bai kira ba.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

Ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe. Kowa murna yake, ni kuwa duk ɗigon da ya sauka gonar Toranke nake gani.

Na nemi wani mai shanun huɗa a can kusa da su, na roƙe shi ya je ya yi wa Kawu, ni zan ji da shi. Wannan ai ba layin kowa na taɓa ba. Mutumin ya kira ni kafin azahar ya ce ya kai shanun har bakin gona, Kawu ya tambaye shi wa ya aiko shi. Da ya faɗa, sai ya ce, "Ka gaya mata na gode. An ba ni rana, zan jira ranata."

Na kira shi da kaina. Ta yi ta ringin har ta katse.

Talata, 17 ga Yuni, bayan La'asar

Yau ranar ƙauyen su Malam Ɗantani ce. Da hantsi Halima Sadiya ta ce manoma suna ta kira, suna bakin gona, tarakta ba ta zo ba. Na kira Mudassir direba, ya yi ta in-ina. Na ce kana ina? Ya ce Toranke. Na ce wa ya aike ka Toranke? Ya ce, "Oga ne ya kira ni da asuba."

Ashe maɓalli kawai na cire. Bakin da yake danna shi yana nan.

Mudassir ya ce da ya isa, Kawu yana cikin gonar da garmar hannu. Ya fito ya tsaya a gaban tarakta, ya ce yau ranar wa ce? Mudassir ya faɗa masa. Ya ce, "To juya ka kai musu. Ni ba ɓarawon rana ba ne. An riga an gaya mini matsayina a gaban mutane, ba za a zo a gyara a ɓoye ba."

Kada in yaudari kaina in ce don ya yarda da tsarina ne ya kore ta. Fushi ne. Na san Kawu, in ya yi fushi har abincin da yake so yake ƙi.

Kafin tarakta ta koma ta isa wancan ƙauyen rana ta take. Gonaki kaɗan aka yi. Ta Malam Ɗantani ba ta ciki. An yi ba a yi ba ke nan.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan Magariba

Da safe na hau mota na je na sami Malam Ɗantani a gonarsa. Na gaya masa abin da ya faru ba rufa-rufa, har da cewa kawuna ne. Na ce gobe da sassafe shi za a fara yi wa, sauran kuma duk an tura musu saƙon ban haƙuri. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kawunki kika bari a layi?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya kyauta." Ban gane ko yabo ne ko tir ba, kuma ban tambaya ba.

Da na dawo na rufe ƙofar ofis, ni da Sharfaddeen. Su Da'u suka fita wai za su sayo ruwa.

Ya ce ba ni da kara. Ya ce Kano ta busar mini da zuciya. Ya ce shi ba zai iya kallon dattijo yana sunkuye da garma ba alhali waya ɗaya zai buga.

Na ce, kai ka ce masa to. Kai ka sa ya sayar da shanu. Da a cikin azumi ka ce, Kawu kawo wayarka in danna maka, da yanzu geronsa ya tsiro. Ka ɗauko ni daga gidana don in zama bakinka mai cewa a'a, kai ka zauna da naka mai zaƙi, kowa yana sa maka albarka. Na ce in ka ƙara kiran direba a bayana, ranar zan koma wajen 'ya'yana.

Ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula. Can ya ce, "Yaya, ni fa tsoro nake ji kada su daina sona."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Na ce ni ma ina jin wannan tsoron, bambancin kawai ni an riga an daina.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan an sauko daga masallaci

Bai kira ba. Na duba ko wayar ce ba caji. Da cajinta.

Litinin, 23 ga Yuni, da azahar

Da'u ya zo ya tsaya a gefen teburina yana murza hannu. Ya ce, "Anti, in kina so zan iya matsar da shi sama kaɗan kaɗan, ba wanda zai gani. Ko Oga ba zai sani ba." Na daɗe ban amsa ba, fiye da yadda nake so in rubuta. Sannan na ce ya je ya ci gaba da aikinsa.

Aikin nasa yanzu layin injin casa ne na kaka. Shi na zaɓa ya biyo bayan huɗa, don shi manoma suka fi tambaya. Kansila ya sake aikowa game da hotonsa. Sharfaddeen ne ya amsa wayar, na ji shi yana cewa, "Ranka ya daɗe, bana ba zai yiwu ba." Ya dai faɗa. Da ya ajiye ya dube ni kamar yaron da ya haddace allonsa. Ban iya yi masa murmushi ba.

Halima Sadiya ta ce kiran zagi ya ragu. Yanzu masu kira tambaya suke ko za su iya sa ɗan'uwansu. Daga ƙauyen su Malam Ɗantani ma an sami sababbi. Ya kamata in ji daɗi.

Baban yara ya kira ya ce muryata ta canza, in abin ya fi ƙarfina in dawo. Na ce damina ɗaya na yi alkawari.

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Wata 'yar Toranke ta zo wajen Inna. Daga ɗakina nake jin su. Ta ce Kawu ya huɗe rabin gonar gero da hannu, shi kaɗai, ya shuka. Ta ce yana fita tun duku-duku, in ya dawo a zaune yake salla saboda baya. Maƙwabta sun ce za su yi masa gayya ya ce a'a. Gonar gyaɗa kuwa ciyawa ta rufe ta.

Inna ta ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ta ɗaga murya kaɗan wajen faɗa.

Juma'a, 27 ga Yuni

Ruwa. Ban fita ba.

Laraba, 2 ga Yuli, bayan La'asar

Gobe ranar Kawu ce. Saƙo ya tafi masa da kansa, kamar na kowa, ba hannun kowa a ciki. Na ce wa Mudassir zan bi shi. Sharfaddeen ya ce shi ma zai zo, na ce a'a. Kalmar ta saba da bakina, yanzu ko tunani ba na yi.

Inna ta daka yaji ta ƙulla a leda ta ajiye a kan jakata. Ba ta ce na wa ne ba.

Alhamis, 3 ga Yuli, bayan Magariba

Mun isa rana ba ta yi zafi ba. Yana zaune a kan kututture a bakin gonar gyaɗa, da wayarsa a hannu. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi hanya, ya tambayi Inna, ya tambayi yara da babansu, babu wanda ya tsallake. Sannan ya miƙa wa Mudassir wayar ya ce, "Duba saƙon, yau ce ranata ko?" Mudassir ya ce yau ce, Baba. Ya ce, "To bismilla."

Tarakta ta shiga. Abin da zai ɗauke shi sati biyu da hannu ta gama kafin azahar. Ƙasar tana da danshi, kunyoyin sun miƙe sambal. Kawu ya ce gyaɗa za ta yi in ruwa ya kai, ko da ba kamar ta bara ba. Rabin gonar gero kuwa ya wuce, sai dai ya zuba wake.

Na ba shi yajin Inna. Na ce, "Kawu, ka yafe mini yadda na faɗa a gaban mutane." Ya ce, "Ba komai. Aikinki ne." Na jira ya ƙara wani abu, bai ƙara ba.

Da za mu tafi ya ce, "Na ji kun buɗe layin casa." Na ce e, kawo in danna maka. Ya janye wayar. Ya ce, "A'a. Koya mini."

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Idonsa ba ya ganin lambobin sosai, sai da na riƙe yatsansa ina ɗora masa a kan kowanne. Yatsan duk kanta ta fashe. Ya yi kuskure, muka sake. Ya ƙara yi, muka sake. A na uku ya ce in sake masa hannu, ya danna shi kaɗai har ƙarshe. Saƙo ya shigo. Yana cikin na farko-farko.

Ya sa wayar a aljihu ya ce, "Alhamdu lillahi. Yanzu ba sai na sake roƙon kowa ba. Na gode, Malama."

A hanya na ba Da'u labari ta waya, don ya san layin casa yana aiki. Murna ta kama shi. Ya ce, "Anti, ai wannan shi ne abin da kika rubuta a allo. Dattijo a ƙauye ya sami abinsa ba sai ya san kowa ba." Na ce haka ne.

Juma'a, 4 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Ya kira.

Wayar ofis ya kira. Halima Sadiya ce ta ɗauka, ina zaune a gefenta da tawa wayar a hannu. Ya tambaya ko sunansa yana nan a layin casa. Ta duba ta ce yana nan, Baba. Ya ce madalla, a gaida ma'aikata.

Ta ce, "Ga Anti Zuliha a kusa, in ba ta?"

Na miƙa hannu. Na ji muryarsa ta cikin wayar, a natse, ba fushi ko kaɗan. Ya ce, "A'a, bar ta, tana aiki."

Ban ci abinci ba tukuna. Ba wanda ya tambaya.